ABIN DA FADAMA TA ƁOYE: A AUNA ƘASA KAFIN A ZUBA HARSASHI

A wannan mako filin namu zai nufi kudancin Jihar Kaduna, watau ƙasar Zangon Kataf da Kafanchan da Kagoro da Kwoi, domin mu duba wata magana wadda ba kasafai akan kai ta gaban mahukunta ba, alhali kuwa kullum garin Allah ya waye sai an yanke mata hukunci da diga da shebur. Maganar ita ce, idan gari ya cika ya batse har ya gangara cikin fadamarsa, aka cike ta da marmara aka yanka fuloti, mene ne ya saura a ƙarƙashin ƙasa daga kayan mutanen da suka riga mu zama a wurin? Kuma ta wace hanya za a gane ko ya saura ko bai saura ba, tun ba a zuba harsashi ba?

Kafanchan gari ne da hanyar jirgin ƙasa ta raya. Tun daga 1927, sa'ad da garin ya zama mahaɗar hanyar da ta taso daga Fatakwal zuwa Kaduna da wadda ta hau Jos, mutane suka yi ta kwararowa daga kowace kusurwa ta Nijeriya, har Sarkin Jama'a ma ya bar tsohon mazauninsa ya komo nan a farkon shekarun 1930. Zangon Kataf kuwa sunansa kaɗai ya isa shaida, domin masaukin fatake ne, ayari kuwa ba ya yada zango sai inda akwai ruwan sha da ciyawar dabbobi. A da, a waɗannan garuruwa da irin su Zonkwa da Samarun Kataf, bisa tudu akan gina gida, a bar fadama ga mai shinkafa da mai rake da mai gwaza. Yanzu tudu ya cika ya yi tsada, sai ido ya koma kan fadama. Tifa ta juye ƙasa, katafila ta baje, kafin damina biyu sai ka ga unguwa ta tashi a inda kwaɗi suke kuka a da.

Ba wanda zai ga laifin magidanci don ya nemi inda zai sa iyalinsa. Sai dai ƙasar wannan yanki tana da wata daraja wadda duniya duka ta sani, kuma daga cikin laka darajar ta fito.

YADDA LAKA TA TONA ASIRIN NOK

A cikin 1928, kusa da ƙauyen Nok na ƙasar Jaba, leburorin kuza suna haƙa cikin tsohuwar shimfiɗar kogi, a zurfin da ya kai ƙafa 24, sai suka tono wani ɗan ƙaramin kai na gasasshen yumɓu. Baturen da yake da hannu a wannan haƙa, Kanar Dent Young, ya kai shi Jos aka ajiye, ba wanda ya san matsayinsa. Bayan shekara 15, watau a 1943, labarin wani kan ya sake ɓullowa daga wajen haƙar kuza na ƙasar Jama'a. Wanda ya fara mallakarsa kafa shi ya yi a gonar doyarsa, ya zama mutum-mutumin tsorata masu ɓarna. Daga bisani kan nan ya isa hannun wani saurayin jami'in mulki mai suna Bernard Fagg, wanda ya karanta ilmin binciken kufai a Jami'ar Kambirij ta Ingila. Da ya gwama shi da na 1928, sai ya ga hannun maginan ya yi kama. Daga nan ya shiga bin ramukan kuza yana roƙon shugabannin aiki da masu ɗaukar kwanon sarki su daina zubar da irin waɗannan kaya cikin baraguzai. Abin da ya tara yana daga cikin abin da ya sa aka buɗe gidan ajiye kayan tarihi na Jos a 1952, kuma tun daga wannan zamani sunan Nok ya shiga littattafan duniya.

Akwai darasi biyu a cikin wannan labari. Na farko shi ne, kwari ne ya riƙe kayan, kuma a cikin lakarsa aka samu gutsattsarin itace waɗanda aka aika da su ƙasashen waje a shekarun 1950 aka auna shekarunsu da awon kimiyya na kabon. Da taimakon wannan awo Fagg ya ƙiyasta cewa mutanen Nok sun rayu tsakanin shekara ta 500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, da shekara ta 200 bayanta.

Darasi na biyu kuwa gargaɗi ne. Ruwa ba ya ajiye kaya bisa tsari. A ramukan kuza an tarar da siffofin yumɓu haɗe da gatarin aradu da wasu makaman dutse waɗanda suka girme su da dubban shekaru, duk ambaliya ta kwaso su daga kan tudu ta jibge wuri ɗaya. Mai bincike yakan ga kayan, amma ba zai iya cewa ga gidan da suka fito ba, ko ga wanda ya yi zamani da wane. Wannan ne ya sa Fagg ya nemi wurin da ruwa bai dagula ba, ya same shi a Taruga, kusa da inda Abuja take yanzu, inda ya tono wuraren narkar da tama fiye da goma a shekarun 1960, waɗanda suka haura shekara 2,200. 'Yarsa Angela ita ma ta tona wani kufai a Samun Dukiya, cikin kwarin Nok.

ABIN DA TUDU YA CINYE

Bincike mafi zurfi a kan Nok shi ne wanda masana daga Jami'ar Goethe ta birnin Frankfurt a Jamus suka fara a 2005, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig da Dakta Nicole Rupp, tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Nijeriya. Sun kafa sansaninsu a Janjala cikin ƙasar Kagarko, suka tona kufai masu yawa, irin su Pangwari da Ido da Ifana. Aikin fili ya tsaya bayan da 'yan bindiga suka sace Farfesa Breunig da abokin aikinsa a watan Fabrairu na 2017, suka kashe mutanen gari biyu da suka bi sawunsu. An saki Turawan bayan 'yan kwanaki. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasa rayukansu.

Wannan bincike ya mayar da farkon Nok baya ƙwarai. An gane cewa mutanen sun zauna a yankin tun wajen shekara ta 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, watau shekara 3,500 ke nan, kuma sun fara gina siffofin yumɓu wajen shekara ta 900, sa'an nan ƙira ta biyo baya. An samu ƙonannun ƙwayoyin gero da wake da ƙwallon atili, an san ke nan manoma ne. A 2021 kuma masana na Jami'ar Bristol suka bayyana cewa sun auna tsingaro fiye da 450 na tukwanen Nok, kuma cikin waɗanda suka riƙe maiƙo, wajen kashi ɗaya bisa uku kakin zuma ne a jikinsu. Ashe sana'ar zuma da ake yi a kudancin Kaduna tsohuwa ce ainun.

Amma fa duk wannan abin da wuta ta gasa ne, ko dutse, ko ƙarfe. Ƙasar tudu ta wannan yanki tana da tsami, ga ruwan sama mai yawa yana ratsa ta tun daga Afrilu har Oktoba, ga kuma gara. Saboda haka ƙashi bai tsira ba, na mutum ko na dabba. Har kaburbura ma ba a gane su da ƙasusuwa ba, sai da jerin duwatsu da tukwane, da duwatsun wuya da aka tarar a jere kamar yadda suke a wuyan mai su, igiyar ta ruɓe, mai wuyan ya zama ƙasa. A Pangwari an tono wata siffa ta yumɓu mai nuna mutum biyu cikin kwalekwale da kayansu. To, ina kwalekwalen kansa? Ina turmi da taɓarya, ina ƙotar fartanya, ina kwando da tabarma da amya? Masana da dama sun lura cewa yadda aka fitar da ido da baki a siffofin Nok ya yi kama da aikin masassaƙi, abin da ke nuna lalle akwai sassaƙar itace a tare da su. Tudu ya cinye wannan duka. Idan akwai inda ya rage, to, a cikin laka mai ruwa ne.

ME YA SA LAKA TAKE RIƘE AMANA

Kowane manomi ya san cewa idan aka kafa dirka a wuri mai damshi, daga wuya take ruɓewa, daidai inda jiƙa da bushewa suke karo, amma gindin da ya nutse cikin taɓo yakan daɗe da ƙarfinsa. Dalili kuwa shi ne, gara da funfuna da yawancin ƙananan halittun da suke cin itace da fata ba su rayuwa sai da iska. Inda ruwa ya cika kowace kafa ta ƙasa, rani da damina, iska ba ta samun hanya, sai ruɓa ta yi sanyi ƙwarai. A irin wannan wuri akan samu itace da fata da igiya da ƙwayoyin hatsi, har da ƙurar furanni wadda ido ba ya gani, wadda masana sukan duba da madubin ƙara girma su faɗi irin itatuwan da suke wurin, da lokacin da aka sare kurmi aka fara noma.

Ba sai mun ƙetare teku ba kafin mu ga shaida. A 1987 wani Bafillatani mai suna Malam Ya'u yana gina rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a bakin Komadugu Gana cikin Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani itace mai tauri a zurfin wajen mita 5. Allah ya sa ya kai labari, bai sare shi ya wuce ba. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt, cikinsu har da Abubakar Garba da shi Breunig ɗin, suka buɗe wurin, sai ga jirgin ruwa na sassaƙa mai tsawon fiye da mita 8. Awo ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne jirgi mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka, yana kuma cikin mafiya tsufa a duniya. Laka mai ruwa ce ta riƙe shi. Da a kan tudu ya kwanta, da ko shekara 50 bai yi ba.

Shi Dufuna daji ne. Misalin cikin gari kuwa sai mu ɗauko shi daga London. Akwai wani rafi mai suna Walbrook da ya ratsa tsakiyar birnin a zamanin Rumawa, wanda aka daɗe da rufe shi da gine-gine har mutane suka manta da shi. Sa'ad da kamfanin Bloomberg zai gina babban ofishinsa a kan kwarin rafin, aka ba masu binciken kufai dama suka yi aiki tsakanin 2010 da 2014. A ƙarƙashin wurin da aka yi ta gini ana rushewa shekara kusan 2,000, suka tono takalman fata da alluna na itace fiye da 400 na rubutu, ɗaya daga ciki takardar bashi ce mai kwanan wata 8 ga Janairu, shekara ta 57. Abin lura a nan shi ne, gari ya zauna a kan fadama bai kashe abin da ke cikinta ba, muddin dai ba a tone ta ba, kuma ba a tsotse ruwanta ba.

BA KOWACE FADAMA BA

Kada mai karatu ya ɗauka duk inda aka ga taɓo akwai taska. Fadama iri-iri ce. Akwai wadda ambaliya take sharewa kowace shekara, ta kwashe tsohon yashi ta kawo sabo. Irin wannan, ko an samu wani abu a cikinta, baƙo ne daga wani wuri, kamar yadda aka gani a ramukan kuza. Akwai wadda take cika da damina ta bushe ƙaf da rani har ta tsattsage. Ita kuma ta fi tudu ma saurin cin itace, domin jiƙa da bushewa su ne abincin ruɓa. Sa'an nan akwai wadda ko a tsakiyar bazara, in ka tona kamu kaɗan sai ruwa ya tsattsafo. Wannan ta uku ita ce abar nema, kuma abin da ke ƙasa da inda ruwa yake tsayawa a ƙarshen rani shi ne ake sa rai ya tsira.

Launin ƙasa yakan ba da labari. Laka mai ruwan toka ko shuɗi-shuɗi, ko baƙa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, alama ce iska ba ta shiga. Wadda take da ɗigo-ɗigon ja da rawaya kamar tsatsa, alama ce ruwa yana hawa yana sauka, iska tana bin sawunsa. Masu ginin rijiya sun san wannan sarai, ko da ba su ba shi suna ba. Wajibi ne kuma a sani cewa ruwa mai tsami yana iya riƙe itace da fata amma ya narkar da ƙashi, saboda haka kowane wuri sai an gwada shi a kan kansa.

Inda ya fi kowane wuri alkawari shi ne bakin fadama, daidai inda tudu ya gangaro ya sadu da laka. A nan ne mata suke ɗiban ruwa, a nan magina suke haƙar yumɓu, a nan ake zubar da shara, kuma a nan ƙasar da ruwa ya zaizayo daga tudu take rufe abin da aka yar a hankali ba tare da ta dagula shi ba. A tsohon gari irin Zango, a irin wannan gefe ne za a sa ran samun alamun zamanin fatauci, kamar wuri da tsakiya da lofe da kashin maƙera, a samansu kayan jiya, a ƙarƙashinsu kayan da suka girme su nesa.

Sai kuma a tambaya, me gari ya riga ya yi wa wurin? Ciko shi kaɗai ba abokin gaba ba ne. Marmarar da tifa ta juye tana iya zama murfi, kuma harsashin ƙaramin gida sau da yawa ba ya ratsa ta ya kai tsohuwar ƙasa. Abin da ke ɓarna shi ne haƙa mai zurfi, watau ramin masai da sokawe da rijiya da tankin gidan mai da ginshiƙan bene, da kuma ɗiban yashi da yumɓu don bulo. Wanda ya fi su duka illa kuwa ba a ganinsa, shi ne janyewar ruwa. Idan aka yi babbar magudana ta kankare, ko aka zurfafa rafi, ruwan ƙasa ya sauka, iska ta shiga inda ba ta taɓa shiga ba, itacen da ya yi shekara dubu lafiya sai ya tsattsage ya marmashe, ko da ba wanda ya taɓa shi da diga.

YADDA AKE AUNAWA

Aikin gane abin da ya saura ba tonon gari duka ba ne. Matakai ne, kowanne yana nuna ko akwai bukatar na gaba.

Mataki na farko a zaune ake yinsa. A tattaro tsofaffin taswirorin safiyo, da na ma'aikatar jirgin ƙasa, da na kamfanonin kuza, da hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a zamanin da, a gwada su da hoton garin na yanzu, a ga inda rafi ya bi da inda fadama ta tsaya. A haɗa da bakin dattawa, domin tsoho zai nuna maka inda suka kama tarwaɗa suna yara, yanzu kuwa shaguna ne a wurin. Sunayen unguwanni ma shaida ne, na Hausa da na Tyap da na Jju da sauran harsunan yankin, gama suna yakan riƙe tafki ko kurmi bayan tafkin ya ƙafe.

Mataki na biyu shi ne a tambayi masu ginin rijiya da masu haƙa rijiyar burtsatse da magina. Su ne suka fi kowa sanin cikin ƙasar gari. Su za su ce a unguwa kaza gaba biyu ake yi a tarar da baƙar laka, a unguwa kaza kuwa dutse ake tararwa nan da nan. Injiniyoyi ma sukan huda ƙasa su gwada ƙarfinta kafin a gina bene ko gada, kuma rahotonsu yana da amfani ga mai binciken kufai.

Mataki na uku, a ɗauki dogon ƙarfen huda ƙasa, irin wanda mutum biyu suke murɗawa da hannu, a yi huji a jere daga tudu zuwa tsakiyar fadama, a zaro ƙasa a shimfiɗa ta bi da bi, a rubuta zurfin ciko, da zurfin laka, da inda ruwa ya tsaya, da inda aka ga gawayi ko tsingaro ko ɓawon itace. Ƙarshen rani ya fi dacewa da wannan aiki, domin a lokacin ne ruwa yake nuna iyakar saukarsa. Idan aka jera sakamakon hujin nan, sai a samu kamar hoton cikin ƙasa, a ga tsohon kwari a kwance ƙarƙashin unguwa. Ɗan gawayi kaɗan daga ciki ya isa a auna shekarunsa.

Mataki na huɗu, inda huji ya nuna alama, a tona ɗan ramin gwaji na mita ɗaya ko biyu, a hankali, ana tankaɗe ƙasa ana rubuta kome a inda aka same shi. Duk itacen da ya fito a bar shi cikin ruwa, kada rana ta gan shi.

Sa'an nan sai hukunci. Wuri yana iya zama fanko, a ce da mai gini bismilla. Yana iya zama mai ɗan abu kaɗan, a sa masani ya tsaya a bakin rami ranar da ake haƙa harsashi. Yana iya zama mai daraja, a gyara zanen gini, a matsar da masai ko tanki zuwa wani gefe, a bar abin da ke ƙasa cikin ruwansa. Tono gaba ɗaya shi ne na ƙarshe, sai in babu makawa, domin tono ba ya maimaituwa, kuma adana jiƙaƙƙen itace aiki ne mai tsada da ɗaukar shekaru.

WA ZAI ƊAUKI NAUYI

Ingila ma ba da dabara ta fara ba, da kunya ta fara. A 1989 ana shirin gina ofis a unguwar Southwark ta London, a tsohuwar fadamar bakin kogin Thames, sai aka tarar da harsashin gidan wasan kwaikwayo na Rose, wanda aka gina a 1587. An riga an ba da izinin gini, sai jama'a suka yi cincirindo suka hana injuna shiga, har aka sake zanen ginin, aka bar kufan a ƙarƙashinsa an lulluɓe shi da yashi da ruwa. A 1990 gwamnatinsu ta fitar da ƙa'ida cewa a riƙa auna abin da ke ƙasa kafin a ba da izini, kuma mai ginin ne zai biya. Albarkacin wannan ƙa'ida ce aka samu allunan Walbrook.

Mu ma muna da doka. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi, ta hana tonon kayan tarihi ba da izini ba, ta kuma wajabta wa wanda ya tsinci irinsu ya sanar da hukumar da ƙaramar hukumarsa cikin kwana 7. Akwai kuma doka mai lamba 86 ta 1992, wadda ta ce a duba illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Sai dai ta farko tana magana ne bayan an riga an tsinta, watau bayan diga ta yi aikinta. Manyan abubuwan da muke taƙama da su kuwa galibi tsintuwa ce: kawunan tagulla na Ife a 1938 wajen haƙa harsashin gida aka same su, kayan Igbo-Ukwu wajen haƙa ramin tara ruwa, Nok wajen kuza, Dufuna wajen rijiya. Ƙasa mai irin wannan arziki bai kamata ta dogara ga sa'a kaɗai ba.

Nok ta riga ta yi babbar hasara. A shekarun 1990 masu tonon sata suka auka wa kufanta, aka yi ta fitar da siffofi zuwa Turai da Amurka, har a shekara ta 2000 aka baje wasu a gidan tarihi na Louvre a Paris, sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce kafin Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, ta riƙe su a matsayin aro. Abin da ɓarawo ya fitar ana iya ƙarar sa a dawo da shi wata rana. Abin da ya bushe ya marmashe a ƙarƙashin kwalbati ba kotun da za ta dawo da shi. Kano ma abin dubawa ce. Bature Clapperton da ya shiga birnin a 1824 ya tarar da fadamar Jakara ta raba shi biyu, kasuwa tana gefenta. Yau Jakara magudana ce ta kankare, kududdufai da yawa kuma an cike su an yi gini. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Shawararmu ga Gwamnatin Jihar Kaduna ba mai nauyi ba ce. Hukumar tsara birane ta jihar, wadda take ba da izinin gini, ta haɗa kai da Hukumar Gidajen Tarihi da sashen binciken kufai na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a zana taswirar tsofaffin fadamun Kafanchan da Zonkwa da Zangon Kataf da Kagoro da Kwoi. Ɗalibai za su iya yin hujin gwaji a lokacin hutun rani, su samu ilmi, jiha ta samu taswira. Bayan haka duk babban aiki da zai shiga wurin da aka yi wa alama, kamar kasuwa ko gada ko magudana ko gidan mai ko rukunin gidaje, a sa awon ƙasa cikin sharuɗɗan izininsa, kuɗin kuma ya fito daga cikin kwangila, inda ba zai kai ko kuɗin 'yan tifofin yashi ba in aka gwada shi da jimlar aikin. Talaka mai ɗaki biyu kada a ɗora masa kome, illa a tabbatar masa cewa in ya kai rahoton abin da ya gani ba za a ƙwace masa fili ba, domin tsoron ƙwace shi ne yake sa mutane su mayar da ƙasa su yi shiru. A nan iyayen ƙasa, Sarkin Jama'a da Agwatyap da Agwam Bajju da Kpop Ham da Sarkin Kagoro da sauransu, maganarsu ta fi takardar gwamnati isa ga jama'a.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a faɗa a fili. Wannan yanki ya sha wahalar gardamar wane ne ya riga wane zuwa, an kuma yi hasarar rayuka a kanta. Kada wani ya ɗauki binciken kufai ya mai da shi makamin wannan gardama. Tsingaro ba ya faɗin harshen wadda ta gina tukunyar, kuma mutanen da suka shuka gero suka ɗebi zuma a nan shekara 3,500 da suka wuce sun riga duk sunayen da muke kiran kanmu da su yau. Gadonsu na Musulmi ne da Kirista, na mai gona da mai shago, kuma kula da shi aiki ne da za a iya yi tare.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ranar da ake auna fuloti ita ce ranar tambayar abin da ke ƙarƙashinsa, domin da zarar kankare ya sandare, magana ta ƙare. Muna roƙon masu karatu na wannan yanki, musamman magina da masu ginin rijiya da malaman makaranta, duk wanda ya ga baƙar laka ta fito da itace sassaƙaƙƙe ko tukunya ko siffar yumɓu, ya dakata da haƙa, ya bar abin a jiƙe a inda yake, ya sanar da mai unguwa da gidan tarihi mafi kusa, na Nok ko na Kaduna ko na Jos. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da ƙasa ta riƙe mana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.